Rikodar Da Ta Ƙi Jin Muryar Baba

Assalamu alaikum 'yan uwana mata, da mazan da suke leƙowa suna cewa ba sa karantawa. Yau ba doguwar gaisuwa, ku gyara zama kawai.

Ga wadda yau ta fara shigowa: ni bazawara ce, shekara huɗu ke nan da rasuwar uban 'ya'yana, Allah ya jiƙansa. 'Yan mata biyu gare ni, duk suna makaranta. Ɗinki nake yi a falon gidan mahaifina, kuma ni nake jinyarsa tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi shekara biyu da suka wuce. Akwai mai sona. Gyaran agogo da rediyo yake yi a bakin titinmu, shi ma matarsa ta rasu, kowa Mai Agogo yake ce masa. Baba ya ce ya yarda in aure shi, da kunnena na ji. Yayana, wanda shi ne babba a gidan kuma shi zai tsaya a wurin ɗaurin auren, ya ce shi bai ji ba.

Kuma gaskiyarsa, bai ji ɗin ba. Tun da ciwon nan ya zo muryar Baba ta koma kamar zaren da ya kusa tsinkewa, sai ka kai kunnenka bakinsa. Maganar ma da safe kawai take zuwa, bayan na goge masa jiki na ba shi shayi. Rabin awa ne, daga nan magani ya ɗauke shi sai barci. Yaya kuwa ranar Asabar bayan azahar yake zuwa da ledar lemo, ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki ya ce, "Baba ya jiki?" ya amsa wa kansa da "Allah ya ƙara sauƙi," ya dawo falo.

Na ce, "To ka zo da safe mana ka ji da kunnenka."

"Ina da aiki da safe."

Shekara biyu yana da aiki da safe.

Na gwada ɗaukar muryar da waya, ba abin da ya fito sai kukan fanka. Sai na tuna da rikodata. Wasu matan turare ake kai musu, ni rikoda aka kawo min. Bara na ce wa Mai Agogo karatun Malama a ajin matan aure ba ya zama a kaina, kafin in iso gida ya zube a hanya. Kwana biyu sai ga shi da wata 'yar baƙar aba, ba ta fi yatsu biyu a haɗe ba, da ɗan gilashi kamar farcen babban yatsa. Ya saita komai ya ce, "Jan maɓallin nan ki danna in za a fara, wannan in an gama, wannan in za ki saurara." Shekara guda ina ɗauko karatu ina ji ina taka keke, ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Shi ya sa ranar Alhamis da na ɗauki muryar Baba da ita ban ma tsaya saurare ba. Ga ɗinkin mutane a gabana, kaya bakwai, masu su suna ta kira. Na jefa ta a aljihun keke na ce magana ta ƙare.

Ranar Asabar na share falo, na kwashe ƙyallaye daga kan kujera, na shimfiɗa sabuwar ledar tebur mai furen shuɗi. Na sa doguwar rigata ruwan toka mai aiki a wuya, wadda na ɗinka wa kaina ban taɓa sawa ba, na yafa farin mayafi. Na kira Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zama shaida. Yaya ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana kaɗa makullin mota.

Na ajiye rikoda a tsakiyar tebur kamar alƙali, na danna.

Muryata ce ta fito, tar da ita: "Baba, ka yarda in auri Mai Agogo?"

Ƙit. Sai muryata kuma: "To Alhamdulillah! Sake faɗa Baba, don Yaya ya ji."

Ƙit. "Ka ji ko, Yaya? Da bakinsa ya faɗa!"

Shi ke nan. Ta tsaya.

Wallahi Yaya ya yi dariya har hularsa ta faɗo cinyarsa. Gwaggo ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

"Rediyo!" Sunan da yake kirana ke nan tun muna yara, wai ba a kashe ni. "Ke kika yi tambaya, ke kika amsa, ke kika yi shaida. Saura ki ɗaura auren da kanki ki raba goron gayyata."

"Wallahi Yaya ya yi magana. Sau biyu ma ya faɗa."

"Ina take? Ko aljanu ne suka cinye?"

Da a dariyar ya tsaya da na shanye. Sai ya ɗaure fuska ya ce, "Ki ji tsoron Allah. Mutum yana kwance ba ya iya kare kansa, ki dinga cusa masa magana a baki don kina son aure? In kin tafi wa zai kula da shi?"

Na ce a raina, yawwa, ga inda gizo yake saƙar.

Ya miƙe yana gyara hula. "Asabar mai zuwa. In ban ji daga bakinsa ba, kada a sake ɗago min maganar nan, ke ko mai batir ɗin naki."

Ban yi kuka ba, kada ku ce na yi. Na wanke kofuna, na yi la'asar, na ɗauko waya na rubuta wa Mai Agogo:

"Rikodarka ta tsinka ni a gaban mutane."

Ko minti ɗaya ba a yi ba: "Subhanallah. Me ta yi?"

"Ta ɗauki tawa ta bar ta Baba."

Ya jima yana rubutu yana gogewa, ina kallon ɗigon nan suna rawa. Sai ga shi: "Laifina ne, ranki ya daɗe. In kira?"

"Kira."

Ya kira. Shi mutum ne mai magana a hankali, kamar yana tsoron kada kalma ta faɗi ta fashe. Ya ce, "Malamarku ba da lasifika take karatu ba?"

"Da ita."

"To don ita na saita. Na rage mata kunne, don kada ƙara ta yi yawa murya ta dinga fashewa. Sannan na sa ta ta riƙa yin barci in ba a magana, sai ta ji murya mai ƙarfi ta farka, don batir ya kai ki ƙarshen aji. Muryar Baba a wurinta shiru ce. Ke kuwa kina buɗe baki take tashi."

"Wato ni da lasifika ɗaya muke."

"Ban faɗa ba."

"Ka faɗa a ranka."

Ya yi 'yar dariya. "Ki aiko min da ita, minti biyu ne."

Na ce a'a. Ku dubi lissafina: in Yaya ya ji abin nan ya kwana a shagon mai gyaran rediyo, cewa zai yi an haɗa murya an liƙa. Na ce, "Hannunka ba zai taɓa ta ba. Ka faɗa min, ni zan yi."

"Rubutun Turanci ne fa a ciki."

"Keken ɗinkina ma da Turanci ya zo, ni nake kwance shi in mayar. Fara."

Na zauna a bakin taga inda haske yake, na sa tabarau, na maƙale waya a kafaɗa.

"Maɓallin tsakiya, ki danna ki riƙe har rubutu ya fito a jere."

"Ya fito. Layi biyar."

"Ki sauka da kibiyar ƙasa har ki ga hoton abin magana, da 'yan sanduna a gefensa."

"Na gan shi. Sanda ɗaya ce."

"Kunnenta ke nan. Ki shiga ki mayar da su uku."

Na danna, sai komai ya ɓace, wasu lambobi suka fito suna ƙiftawa. Na ce, "Innalillahi, na kashe ta."

"Ba ki kashe ta ba, agogonta kika shiga. Tunda kin shiga ma, duba, kwanan watan daidai ne?"

Ashe shekara uku take baya. Da Yaya ya gani cewa zai yi tun kafin ciwo aka ɗauka. Muka gyara rana, muka gyara wata, na koma na mayar da sanduna uku.

"Saura barcin. Ki nemi haruffa uku a jere. Na farkon..." Ya tsaya yana neman yadda zai kwatanta.

"Mai kama da wuyan riga mai tsini? Na biyun kamar zobe?"

"Shi ne! Ki shiga ki kashe shi."

Na kashe. Ya sa na ɗaga kyawun ɗauka zuwa na sama, ya ce awannin da za ta iya ɗauka za su ragu sosai. Na ce ba wa'azi Baba zai yi ba. Akwai wani kuma mai tace gurnanin fanka, na ce a kunna shi mana. Ya ce a'a, muryar tsoho ƙasa-ƙasa take, zai iya haɗawa da ita ya tace. "Fankar za ki kashe. Ki rufe taga. Kada ki riƙe ta a hannu, motsin yatsunki ma za ta ɗauka yanzu. Ki ninke tawul ki ɗora ta a kai, tazarar tafin hannu ɗaya daga bakinsa."

Na gwada a wurin. Na danna ja, na yi raɗa: "Bismillah." 'Yan sandunan gilashin suka motsa. Na saki allura a kan tebur, suka motsa. Da na saurara har da ƙarar agogon bango da cikina da ya yi ƙugi. Sai na yi magana yadda na saba, sandunan suka tafi suka daki bango, murya ta fito kamar ana yaga yadi.

"Tawa kuma ta lalace."

"To ke sai ɗayan biyu. Ko ki ja baya taku uku, ko ki yi shiru."

"Wanne ya fi sauƙi?"

"Taku ukun."

Na kashe wayar a kunnensa. Ya aiko da fuskar nan mai dariya har da hawaye. Ban ba shi amsa ba sai bayan magariba, don ya san ni ba sa'arsa ba ce.

Ranar Litinin na gwada da Baba. Na goge shi, na canza masa riga, na jingina shi da filo biyu, na kashe fanka. Na ce ya karanta min Fatiha. Ya karanta, yana hutawa a kowace aya. Na sa masa abin kunne na kunna. 'Yan uwa, ku ga idon tsohon nan. Shekara biyu kowa yana ce masa "Na'am? Me ka ce?" yau ga muryarsa ta cika masa kunne, kowane harafi a wurinsa. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya juya yatsa, wato in sake. Sau huɗu na sake masa.

Ranar Alhamis na ce yau ce. Na shirya komai, tawul a kan ƙirjinsa, rikoda a kai, na danna ja, na ja baya taku uku. Na buɗe baki ke nan, "Baba, ka yar..." sai ya ɗaga hannu. Ya yafito ni. Na kai kunne.

"Fita."

"In fita?"

"Fita. Kuma... kada ki ji... sai yayanki na nan."

Na fita na ja ƙofa. Na tsaya a falo ina kallon agogo. Minti goma sha ɗaya. Da na koma ya gaji har gumi ya jiƙa masa wuya, jar fitilar tana nan a kunne. Na tsayar, na tura ɗan makullin gefe don kada wani maɓalli ya dannu, na naɗe ta a hankici na sa a ƙasan akwati.

Kwana biyun nan Shaiɗan ya yi aikinsa. Ina yanka yadi yana ce min, ɗan ji farkon kawai, wa zai sani? An taɓa tsinka ki sau ɗaya, za ki sake shiga gaban mutane da abin da ba ki ji ba? Na ce Allah zai sani, kuma uba ne ya ce kada. Sau biyu ina buɗe akwatin ina rufewa.

Na rubuta wa Mai Agogo: "In cewa ya yi a'a fa?"

"To mun ji daga bakinsa. Ba shi muke nema ba?"

"Kai ko a jikinka."

"Agogo uku na ɓata yau."

Asabar ta zo. Ban yi kwalliya ba wannan karon, rigar aikina ce a jikina da zare a kafaɗa. Gwaggo ta zo da carbinta. Yaya ya shigo yana murmushi tun daga ƙofa.

"Yau kuma wace tasha za mu kama?"

Na ce, "Ni ma ban ji ba. Baba ya hana." Na nuna masa kwanan watan a gilashi, na ƙure ƙara, na danna.

Aka ji muryata daga nesa ta fara ta katse. Aka ji "Fita." Aka ji ƙofa. Sai numfashi, mai nauyi, yana shiga yana fita. Ya daɗe. Yaya ya kalli Gwaggo ya ɗaga gira. Ni kuwa na san shirun nan, na san ƙarfi yake tarawa. Da saitin da ne, nan za ta yi barcinta.

"Babba."

Sunan da Baba yake kiran Yaya ke nan. Makullin motar ya daina kaɗawa a hannunsa.

"Ni ne... ubanka. Da hankalina." Numfashi. "Mai Agogo... na ba shi ita. Ba ta tilasta ni ba. Bakinta ne dai... da yawa."

Gwaggo ta ce, "Allahu Akbar, muryar babanku ce," ta fashe da kuka tana dariya. Ni har na ɗaga hannu zan yi hamdala, sai na ji bai gama ba.

"Kai kuma. Na san... abin da kake tsoro. Ba aurenta ba ne. Ni ne." Shiru mai tsawo, har ana jin agogon falo ta cikin ƙofa. "Kana tsayawa... a bakin ƙofa. Ina ganin takalminka. Ba ka so ka gan ni... ana juya ni... kamar jariri. Na wanke ka, Babba. Uwarku na asibiti... wata biyu... ni na wanke ka. Ban ji ƙyama ba."

Yaya ya sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin tsakiyar kansa ta yi furfura haka ba sai ranar.

"Ba za a sa rana ba... sai ta koya maka. Wanka. Juyi. Magani. Ka yi safiya bakwai... kai kaɗai... da hannunka. Sannan ta tafi... hankalinta kwance." Numfashi. "Ta gaji. Ba ta faɗa... amma ta gaji."

Nan ne na juya na kalli bango, don ban shirya wa wannan ba. Duk surutuna ban taɓa cewa na gaji ba, ko a sujada kunya nake ji in faɗa.

Rikoda ta ci gaba da ɗaukar numfashinsa har aka ji na buɗe ƙofa. Ta tsaya. Gwaggo tana jan carbi tana share hanci.

Can Yaya ya ce, bai ɗago ba, "Ƙarfe nawa?"

"Shida da rabi. Ka zo da rigar da ba ka so."

Ya tashi ya fita, ko ledar lemon bai miƙa ba, a hannunsa ya koma da ita.

Na rubuta wa Mai Agogo: "Ya ba ka. Amma sai Yaya ya ci jarrabawa, kuma ni ce malamar."

"Alhamdulillah! Ki sassauta masa don Allah."

"Ka taɓa ganin na sassauta ɗinki?"

Lahadi na idar da asuba na ɗora ruwan zafi, na jera tawul biyu, sabulu, man shafawa, ledar gado. Na gaya wa Baba yau da baƙo a aikin. Shida da kwata aka ƙwanƙwasa. Na ce a raina, ka ga ɗan halak, har da sammako.

Na buɗe. Matar Yaya ce, baiwar Allah, da hijabinta har ƙasa da sabon bokiti a hannu, tana kallon ƙafafunta.

"Ina kwana. Wai... ya ce in zo ki koya min, ni sai in riƙa yi a madadinsa."

Na ce, "Lafiya lau. Shigo ki zauna, ga shayi can a kan tebur. Amma da ke aka ji Baba ya yi magana?"

Ta girgiza kai. Sai ta ɗan waiga. Na bi idonta. Motar Yaya tana tsallaken titi a kashe, gilashi a rufe. Yana ciki da wata tsohuwar riga mai yagaggen aljihu, hannayensa biyu a kan sitiyari, yana kallon gabansa kamar mai jiran a ba shi hannu.

Ruwan Baba yana hucewa. Na saɓa tawul a kafaɗa, na zura takalmi, na tsallaka titin.